Kafin a cire yaro mai baiwa daga jarrabawar bai-ɗaya

Ka ɗauki yaro ɗan shekara tara wanda zai zaunar da kai ya yi maka bayanin abin da ke sa wata ya riƙa ƙaruwa yana raguwa, har ya gyara maka kuskure. Ka ajiye masa takardar jarrabawa, ka ce minti arba'in. Baƙaƙen suna yi masa rawa a ido, layi ɗaya sai ya maimaita sau uku, ƙarar agogon bango ta cika masa kunne. A karɓi takarda bai kai rabi ba.

Irin wannan yaro yana ɗauke da abu biyu: baiwa, da kuma lalura kamar disleksiya (wahalar karanta baƙaƙe), galahanga ko wahalar tattara hankali wuri ɗaya. Baiwar takan rufe lalurar, lalurar ta danne baiwar, sai maki ya tsaya a tsakiya, kowa ya ce ai lafiya lau. Uwar da ta ga ɗanta yana amai da safiyar jarrabawa ta ce ba zai sake zama ba, ni ban ga laifinta ba.

Amma ba nan gizo ke saƙar ba. A Amurka, inda muhawara kan cire yara daga jarrabawar bai-ɗaya ta fi zafi, dokar da Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a 2002 ta wajabta gwada yara a karatu da lissafi kowace shekara daga aji uku zuwa aji takwas, tare da sharaɗin kashi 95 cikin ɗari na ɗalibai su zauna, har da masu buƙata ta musamman. Sharaɗin yana da dalili. Makarantar da ba a ƙirga mata irin waɗannan yara ba, ba ta da abin da zai tilasta mata kula da su. Dokar 2015 ta zamanin Obama ta bar wannan kaso yadda yake, a shekarar da kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar na waɗannan azuzuwan a jihar New York bai zauna jarrabawar ba.

Shi ya sa nake ganin cire yaro mataki ne na ƙarshe. Da farko iyaye su je da rahoton masanin da ya auna yaron, su nemi sassauci a rubuce: ƙarin lokaci, ɗaki mara hayaniya, hutu a tsakani, wanda zai karanta masa tambayoyin lissafi, ko kwamfuta idan rubutun hannu ne cikas. Wannan ba alfarma ba ce, kamar tabarau ne ga mai raunin gani. Sau da yawa a nan ne ake gano yaron da aka ɗauka malalaci ya wuce ajinsa da nisa.

Idan an hana sassaucin, ko an bayar amma yaron ya daina barci mako guda kafin ranar, to jarrabawar lalurarsa take aunawa, ba iliminsa ba, kuma a cire shi. Sai dai a fara tambayar hukumar makaranta ko makin nan ne ake dubawa wajen shigar da yara ajin masu hazaƙa, domin a wasu wurare shi ne ƙofar.