Yadda 'yan aji uku suka mayar da ni ɗan ƙauye

Darasin zamantakewa ne, bambancin birni da gefen gari da ƙauye. Hedimasta ya ce akwai baƙo mai duba aiki, sai na ari majigin ofis, na jona da wayata, na haska Google Maps a bango. Aka tada janareta.

Na fara da cikin Sakkwato. Ga Fadar Sarkin Musulmi, ga Hubbaren Shehu, gidaje cunkus, lungu na shiga lungu. Na ce mene ne wannan, suka ce birni. Na ja zuwa Kalambaina wajen kamfanin siminti, inda gidaje suka fara sakewa, fili na raba su. Gefen gari. Na gangara fadamar gulbin Rima, kore shar, gonaki sun fi rufin kwano yawa. Kafin in tambaya suka ce ƙauye. Baƙo na gyaɗa kai yana rubutu, ni kuma har na fara tafiya da hannu a baya.

Sai yarinyar nan ta gaba, kun san ta, wadda ba a gama magana ba ta ɗaga hannu ba, ta ce, "Malam, nuna muna gidanku." Baƙo ya ce ai tambaya ce mai kyau. Na danna wurin da na ajiye gida.

Taswira ta tashi. Ta bar gari, ta wuce Kwannawa, ta ci gaba kamar motar Gusau da ta cika da fasinja. Da ta tsaya, sai ga kwano ɗaya tal, gonakin gero sun kewaye shi, ga hanyar ƙafa siririya. Aka yi shiru na ɗan lokaci. Sannan aji gaba ɗaya, da muryar da ni na koya musu: "ƘAUYE!"

Na ce a'a, gefen gari ne. Na ce hoton tauraron ɗan'adam ba na yau ba ne, yakan yi shekaru ba a sabunta ba, yanzu maƙwabta sun yi gini. Gaskiya ce kuwa. Wani daga baya ya miƙe har bakin bango, ya sa yatsa, ya ce, "Malam, ga rumbunku nan." Tankin ruwana ne. Tankin da na biya da kuɗin adashi. Baƙo ya rufe baki da fayil, kafaɗarsa na rawa, ya ce, "Yaran ga sun gane darasi ƙwarai."

Duk wannan ba shi ya ƙona min rai ba. Malamin lissafi ne, da ya bar ajinsa ya zo ya rataya a taga. Mutumin da ke haya ɗaki ɗaya a Mabera, ko bulo guda bai taɓa saya ba, cajata ma tana hannunsa tun kafin azumi. Shi ne yanzu da na shigo ofis zai cire hula ya rusuna, "Ranka ya daɗe mai gari, ya mutanen karkara? An yi shuka?" Har mai ƙosan bakin ƙofa ta ɗauka, jiya ta tambaye ni nawa buhun gero a wajenmu.

Janaretan kuwa, da kullum ke mutuwa ana tsakiyar abu, ranar har aka tashi bai ko yi tari ba. Cajar dai gobe zan karɓa.