Ba hayaƙin itace injin ke sha ba

Mutane da yawa in suka ji ana tayar da tsohon inji da itace, sai su ɗauka hayaƙin wuta ake zura masa kai tsaye. Ba haka ba ne. Hayaƙin da ido ke gani cike yake da tururi da kwalta, kuma kwaltar nan ce ke liƙe bawul har injin ya ƙi motsi.

Ana ƙona busasshen itace ne ko gawayi cikin rufaffen tanki da iska kaɗan. Hayaƙin ya ratsa garwashi mai tsananin zafi, ya rikiɗe ya zama gas mai ɗauke da kabon monoksaid da haidurojin, iskoki biyu masu cin wuta. Kusan rabinsa naitirojin ne wanda ba ya cin wuta, shi ya sa ƙarfin injin ke raguwa sosai idan aka kwatanta da fetur. Sai an sanyaya gas ɗin an tace shi kafin ya shiga, kuma a nan ne masu gaggawa ke lalata injinsu.

Injin dizal kuwa dole a bar masa ɗan mai, shi ke kunna gas ɗin. Kabon monoksaid ba shi da wari kuma yana kisa, don haka ba a kunna tankin a rufaffen ɗaki.