Yaro mai allurar insulin ma ɗan ƙwallo ne

Nacho Fernández yana ɗan shekara 12 aka gano yana da ciwon suga, irin wanda jiki ke daina samar da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, gaba ɗaya. A asibiti aka fara gaya masa cewa shi da ƙwallo sai dai kallo, kafin wani likitan ya ce masa motsa jiki ma yana cikin magani. A 2024 shi ne kyaftin ɗin da ya ɗaga wa Real Madrid kofin zakarun Turai a Wembley. A nan Ingila da nake zaune, magoya bayan Tottenham har gobe suna ambaton Gary Mabbutt, wanda ciwon ya kama yana shekara 17, ya kuma ɗaga kofin FA a 1991.

A gida kuwa, da zarar an ce yaro yana allura, sai ka ji uwa ta ce, "Ka zauna, ba ka da lafiya." Ban ga laifin tsoronta ba, don suga na iya faɗuwa a fili har yaro ya suma. Hukuncin ne ban yarda da shi ba. Zaunar da yaro ba ya warkar da shi, sai ma ya raba shi da sa'o'insa da kuma abin da ke taimaka wa jikinsa karɓar insulin.

Abin da masu wasa a nan suka fi mu da shi, sanin yadda wasa ke juya suga ne. Doguwar tsere ko zagayen fili na atisaye yakan ja shi ƙasa, domin tsoka na zuƙe suga, allurar da aka riga aka yi kuma ba ta komawa. Amma gudun fanfalaki na ɗan lokaci, ko fargabar wasan ƙarshe, na iya cilla shi sama. Ƙwallo ta haɗa duka biyun, shi ya sa ba a yi mata kintace, sai gwaji: kafin a shiga, lokacin hutun rabi, da bayan an tashi. Masana sun fi son a fara wasa suga na tsakanin 7 da 10 a ma'aunin da ake amfani da shi a nan, wato kusan 126 zuwa 180 a ɗaya ma'aunin. In ya sauka ƙasa da 3.9, wato 70, a tsaya nan take a sha abu mai zaƙi, kamar giram 15 na sukari, a sake gwadawa bayan minti 15. In kuma ya haura 15 a ma'aunin nan ba dalili, ba ranar wasa ba ce sai an bincika.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne dare. Tsokar da ta wahala da yamma takan ci gaba da jan suga awanni da yawa bayan an tashi, har ya faɗi yaro na barci. Mu kuwa bayan la'asar muke ƙwallo. Yaro ya dawo a gajiye, ya ɗan taɓa tuwo, a yi masa allurar dare daidai da ta kullum, kowa ya kwanta. Iyaye da yawa ba wanda ya taɓa yi musu wannan bayani, kuma wannan giɓin ba na kuɗi ba ne.

Akwai na kuɗin, ba zan ɓoye ba. A Ingila mai wannan ciwo ba ya biyan kuɗin insulin, kuma tun 2022 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya ta ce a ba kowannensu 'yar na'urar da ake mannawa a dantse, mai nuna suga dare da rana. Yaro ya duba waya a gefen fili ya ga ko sugansa sama yake yi ko ƙasa. A gida uba na lissafin tsinken gwaji ɗaya bayan ɗaya, ga ɗauke wuta, ga zafin bazara da ke sa allura saurin shiga jini. Duk da haka, binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar a 2021, bisa yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna kwalbar insulin da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta mako huɗu a zafin da ke kai-kawo tsakanin digiri 25 da 37. Rashin firji ba dalilin fid da rai ba ne, musamman in an killace kwalbar a inuwa, a sanyin randa.

Ko Turai ma ba su gama wayewa ba. A gasar tanis ta Faransa ta 2023, sai da Alexander Zverev, mai irin wannan ciwo, ya yi ƙorafi a bainar jama'a kafin aka bar shi ya riƙa yin allurarsa a gefen fili. To ina ga yaronmu da ke ɓoye allura don kada a ce ƙwaya yake yi, ko a cire shi daga ƙungiya?

Shi ya sa nake ganin kocin unguwa ne ya kamata a fara wayar wa da kai. Ya san rawar jiki, gumi mai sanyi, ruɗewa da fushin ba gaira ba dalili alamun faɗuwar suga ne, ba raki ba ne, ba kuma iskokai ba. Ya ajiye lemon kwalba mai sukari a jakarsa, ya kuma san cewa wanda ya suma ba a ɗura masa komai a baki, asibiti ake garzayawa da shi. Iyaye kuma su je wa likita da tambaya a fili: ranar wasa, nawa za a rage allurar, me yaron zai ci kafin ya kwanta? Duk mai maganin da ya ce a ajiye allura a koma saiwa, kada a saurare shi, domin mai wannan nau'in ciwo in ya bar insulin, cikin 'yan kwanaki rayuwarsa ke shiga haɗari.