Ka ƙyale yatsunka su yi aikinsu

Ƴan uwana makaɗa, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau dai sai na faɗe ta. Da yawanmu ba rashin iyawa ke kayar da mu a gaban jama'a ba, tsabar son riƙe komai ne.

Ni jita nake kaɗawa. Akwai wani waje a cikin wani kiɗa da na yi wata uku ina bitarsa, a ɗaki ko ido rufe ina wuce shi lafiya lau, amma ranar da na hau dandamali ina zuwa daf da wajen sai nace bari in lura da yatsan tsakiya kar ya zame, wallahi nan take hannun ya sandare, abin da nake yi ba tunani ya koma kamar yau na fara ganinsa. Na sauko raina a ɓace. Malamina bai min faɗa ba, cewa kawai yayi, ɗana ai hannunka ya iya, kai ne ka hana shi.

Kuma maganarsa tana da tushe. Tun 1967 masana halayyar ɗan'adam Paul Fitts da Michael Posner suka raba koyon aikin hannu zuwa mataki uku, farko kana tunanin kowane motsi, sai ka fara haɗa su, a ƙarshe jiki ya riƙa yi da kansa. To idan ka kai na ukun sannan tsoro ya sa ka koma ƙirga yatsu, ka mai da kanka ɗan koyo kenan a tsakiyar kiɗa. A 2001 wasu masanan, Sian Beilock da Thomas Carr, sun nuna irin haka da wasan golf, wanda hannunsa ya riga ya faɗa shi ne matsin lamba ke rikitawa idan ya koma sa wa motsinsa ido. Gwada tunanin inda za ka ajiye kowace ƙafa kana saukowa daga bene da sauri, za ka gane.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne binciken masana Charles Limb da Allen Braun na 2008 a Amurka, sun saka makaɗan piyano na jazz, wani salon kiɗan Amurka, su shida a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, lokacin da suke ƙirƙirar kiɗa nan take sai aka ga sashen gaban ƙwaƙwalwa mai sa wa mutum ido yana tuhumarsa ya lafa. Wato wannan muryar mai cewa kar ka yi kuskure ana kallonka, ita ce ke yin shiru idan kiɗa ya yi daɗi.

Amma dan Allah kar wani ya ɗauka ina cewa a daina bita. Ba a fafe gora ranar tafiya. A ɗaki ne za ka takura wa kanka, a hankali a hankali, ka tsaya, ka gyara, ka maimaita har ka gaji. Wanda bai yi wannan ba babu abin da zai sakar wa hannunsa.

Yanzu kafin in hau nakan ja numfashi mai tsawo, in sauke kafaɗu, zuciya tana bugawa tafin hannu yana gumi, ban ƙara yaƙi da su ba. Kunnena nake bai wa aiki, ina bin mai ganga, ina jin sautin da nake so ya fito tun kafin ya fito. Satin da ya wuce ma na zame a waje ɗaya, ban waiwaya ba, mai ganga ya riƙe ni muka wuce.