Buhun shinkafa ba fansho ba ne

Kowace 15 ga Janairu abu guda muke kallo: a ajiye furanni, a harba bindiga sama, a saki fararen tattabaru, a yi wa 'yan mazan jiya addu'a. Daga nan sai a jera matan sojojin da suka rasu a ƙarƙashin rumfa, a miƙa musu buhun shinkafa da turmin atamfa, mai hoto yana aikinsa. Bana ma ba ta sauya zani ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda muka amince a riƙa kiran wannan "tallafi", har da tafi, alhali matan nan bashi suke bin ƙasa.

Akwai wata dattijuwa a unguwarmu, wajen Ƙofar Marusa a birnin Katsina, da muke kira Goggo. Mijinta ya shiga soja a 1968, lokacin da Yaƙin Basasa ya yi zafi, ya dawo da ɗingishi da igiya biyu a kafaɗa. Ya ci fanshonsa shekaru masu yawa. Da Allah ya yi masa rasuwa, kafin ta fita takaba kuɗin sun tsaya cak. Na taɓa iske ta tana ƙulla daddawa a leda, ta sa jikanta ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambar yabo da ta yi tsatsa, da takardar sallama da aka naɗe a tsumma. "Ɗan nan," ta ce, "kai da ka yi boko, duba mini, ko akwai inda aka rubuta sunana?" Na juya gaba, na juya baya. "Babu, Goggo."

Ba kuskuren wani akawu ba ne, haka tsarin yake. Idan soja ya rasu kafin ya cika shekara biyar da yin ritaya, magajinsa zai ci gaba da karɓar fanshon har shekara biyar ɗin su cika. Idan kuwa ya wuce haka, fansho ya bi shi kabari. Wato matar da ta yi shekara talatin tana jinyar raunin da aka samo a fagen daga, tana jure firgitar dare, ranar da ta fi bukatar kuɗin ita ce ranar da ake yanke su. Wadda aka kashe mijinta a bakin aiki tana da rabo, amma muddin ba ta sake aure ba. A ƙasar Hausa, inda ake ƙosawa a ga yarinya mai shekara ashirin da biyar ta koma ɗaki, wannan sharaɗi tarko ne: ko dai ta zauna da zawarci, ko ta rasa abin ciyar da marayu.

Sai kuma maganar magaji. Kurtu yakan cika takarda yana saurayi, ya sa sunan wansa ko mahaifinsa, ya manta. Shekara goma sha biyar bayan nan a kashe shi a dajin Sambisa ko a yankin Jibiya, a kira mai sunan da ke takarda a ba shi garatuti. Shari'a ta ce mata su raba tumuni, 'ya'ya su ɗauki kasonsu, amma ofis suna ɗaya ya sani. In wan mai tsoron Allah ne, to. In ba haka ba, an bar mace da yara da wa'adin tashi daga bariki.

Masu cewa ai dangi za su riƙe su, ina jin sun daɗe ba su sayi tiyar masara a kasuwa ba. Masu cewa babu kuɗi kuma, su fara duba jihohin da suka yi wa tsofaffin gwamnoni dokar fansho da gida da motoci saboda aikin shekara takwas a ɗaki mai sanyi.

A Amurka, matar tsohon sojan da ya yi aiki a lokacin yaƙi, in samunta bai kai wani ƙima ba, tana da kuɗin wata, haka ma 'ya'yansa har su kai 18, ko 23 in suna karatu. Yaƙin basasarsu ya ƙare a 1865, amma sai a 2020 mace ta ƙarshe da ke karɓar fanshon mahaifinta na wannan yaƙi ta rasu. Dala 73 ne da 'yan kai a wata, kuɗin ba su taka kara sun karya ba, sai dai ba a taɓa cewa sadaka ake ba ta ba. Namu yaƙin a 1970 ya ƙare, matan suna raye a Katsina da Daura da Mani, mun riga mun share su daga lissafi. Na waɗanda aka kwasa zuwa ƙasar Bama (Burma) a Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, an daɗe da shafe babinsu.

Wannan jiha tamu ta Katsina ta haifi Hassan Usman Katsina da Shehu Musa 'Yar'aduwa da Muhammadu Buhari, duk janar-janar da suka ga Yaƙin Basasa. Ya kamata a ce 'yan majalisarmu na tarayya ne kan gaba wajen gyara dokar, a bar wa mace wani kaso na fanshon mijinta har ƙarshen ranta, a kuma raba haƙƙin mamaci bisa gado. Goggo dai ta mayar da takardar cikin tsumma, ta ce in na ji an fara rubuta sunaye in zo in gaya mata.