Yaron da aka maido mana ba shi muka kai ba

Daren jiya na kasa barci saboda wani tsohon fim. Wani abokina ne ya tura mini shi a waya muna zaune a fada a Zango, ya ce in kalla tunda ni mai koyarwa ne. Sunansa Disturbing Behavior, fim ɗin Amurka ne na 1998, David Nutter ya ba da umarni, James Marsden da Katie Holmes da Nick Stahl suka fito a ciki. Na ɗauka irin fina-finan samari ne na gudu da ihu. Kafin ya ƙare na ajiye wayar sau biyu, domin fuskar ƙanina nake ta gani.

Ga labarin a taƙaice. Wani saurayi, Steve, iyayensa sun taso daga Shikago zuwa wani ƙaramin gari mai suna Cradle Bay bayan yayansa ya kashe kansa. A sabuwar makarantarsa akwai wani rukunin ɗalibai da ake kira Blue Ribbons. Kullum tsaf-tsaf suke, ga maki mai kyau, ga gaisuwa, ga aikin taimakon jama'a. Duk uban da ya gan su sai ya yi sha'awar a ce nasa ne. Ashe da yawansu kangararru ne a da. Wani likita, Caldicott, shi ke dasa musu wata ƴar na'ura da ke juya tunaninsu, su wayi gari sun zama abin da manya ke so. Sai dai gyaran yana da ɓaraka: da zarar zuciyarsu ta motsa irin ta kowane matashi, sai kansu ya juye su hau duka da kisa, manyan gari kuma su rufe maganar don kada sunan shirin ya ɓaci.

A matsayin fim yana da rauni. Kamfanin ya yanke shi har ya rage minti 84, ƙarshensa a gaggauce yake, wasu abubuwan ma ba a bayyana dalilinsu ba. Wannan bai dame ni ba. Wuri guda ne ya tsaya mini a rai. Gavin, abokin Steve, wanda ya fi kowa gane abin da ke faruwa, ya laɓe yana sauraren taron iyaye, sai ya ga nasa iyayen ne ke miƙa shi da bakinsu. Ba sace shi aka yi ba. Waɗanda suka haife shi ne suka amince, kuma don suna son sa suka yi. Washegari ya shigo makaranta da aski da riga mai guga, yana kallon abokansa kamar bai taɓa sanin su ba.

Mu a nan Damagaram ba mu da likitan da ke dasa na'ura a kan yara. Muna da gidan mari.

Ƙanina yana da shekara 16, a shekarar da zai zauna jarrabawar BEPC ta gama kwaleji, Allah Ya yi wa Innarmu rasuwa. Aka yi zaman makoki, aka watse, kowa ya ce a yi haƙuri, daga nan ba wanda ya sake ambaton ta a gaban yara. Shi ne auta, shi ke kwana a ɗakinta. Sai ya fara fashin lakol. Daga nan ya koma zama da ƴan pale, wato gungun samarin unguwa masu kama da ƴan daba, ya fara ɗaga ƙarfe da su, wata rana aka tsinci tramol a aljihun wandonsa. Baba ya yi faɗa, ya yi duka, ya yi nasiha, abin bai canza ba. Wani baffanmu ya zo ya ce ya san wani malami a ƙetaren iyaka da ke gyara yara, ba wanda aka taɓa kai masa bai shiryu ba. Aka haɗa kuɗi. Ni na riƙe masa jaka har tasha. Ya waiwayo ya ce, "Yaya, kai ma?" Na ce masa, "Don kanka ake yi." Har yau ina jin muryata tana faɗin haka.

Bayan wata takwas aka maido shi. Yana durƙusawa har ƙasa in zai gaida Baba. Ba ya ɗaga ido. Aka ce zauna, ya zauna; aka ce tashi, ya tashi. Maƙwabta suka riƙa shigowa barka, mata na cewa kai wannan malami Allah Ya saka masa. Ni kaɗai na ga tabon ƙarfe a idon sawunsa ranar da yake alwala. Yaron da a da zai kwance rediyo ya baje ta a tabarma ya sake haɗawa, wanda zai yi musun ƙwallo da kai har wuya ya yi masa jijiya, yanzu ko ka ce masa rana daga yamma take fitowa sai ya ce to. Mun ce ya natsu. Daga baya na gane tsoro ne muka sa wa suna natsuwa.

Abin da ya sa fim ɗin ya taɓa ni ke nan. A gidan su Steve ma ba a son a ambaci sunan yayan da ya mutu. Yaro na ɗauke da ciwo, iyaye na ganin rashin ji. Suka nemi wanda zai kashe alamar ciwon, su huta da ganin ta.

Kada wani ya ce labarin gidanmu ne kawai. A watan Satumba na 2019 ƴan sanda suka shiga wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa. A watan Oktoba kuma aka gano wani a Daura. Da yawan waɗanda aka samu a ciki danginsu ne suka kai su, suna biyan kuɗi kuma. Ina roƙon kada a juya maganata: ban ce tsangaya ba, ban ce makarantar allo ba. Ni ma a gaban alaramma na fara riƙe allo kuma ina yi masa addu'a kullum. Gidan da ake ɗaure ɗan mutum da ƙarfe nake nufi, ko da wane suna aka rubuta a ƙofarsa.

Na san abin da iyaye za su ce, kuma ban raina shi ba. Za su ce kai ba ka san zafin ka ga ɗanka a kwance bakin kwata ƙwaya ta bugar da shi ba. Za su ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, tramol ya cinye yara da yawa a garin nan, kuma uban da ba shi da abin kai ɗansa asibiti mai nisa, duk ƙofar da aka nuna masa zai ƙwanƙwasa. Baba bai kai ƙanina don ƙiyayya ba. Na ga hawayensa a daren. Amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Mai tanƙwara icce hannunsa na kan iccen, yana jin inda zai ba da kai da inda zai tsage. Mu kuwa miƙa wa baƙo muka yi, muka juya baya, muka ce a kira mu in ya miƙe.

Har a aji ina ganin ƙaramin samfurin wannan. Mu malamai mun fi son ɗalibin da ba ya tambaya. Wanda ya kwafe darasi daga allo ya haddace ya maido mana shi ranar jarrabawa, shi ne yaron kirki. Wanda ya ɗaga hannu ya ce, "Mushe, ban yarda da wannan ba," sai mu rubuta masa rashin kunya. Aji mai ɗalibi tamanin ko fiye, malami ɗaya, zafin watan Afrilu, wa ke da ƙarfin sauraren gardama? Na fahimci gajiyar, ni ma ina cikinta. Amma mu sani muna koya musu cewa tsira tana cikin yin shiru.

Su kansu yaran suna matsa wa juna fiye da yadda muke matsa musu. A 1951 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Solomon Asch, ya riƙa zaunar da ɗalibi cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a takarda a ce wanne ya yi daidai da wanne. Amsar a fili take, amma sauran sai su faɗi ta ƙarya da gangan. Kusan uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum ɗaya tak a cikin rukunin ya faɗi gaskiya, bin ƙaryar ya ragu ƙwarai. Wannan ɓangaren na biyu nake yawan tunawa. Da ni kaɗai na ce a'a a tsakar gidanmu ranar da baffa ya kawo shawararsa, wataƙila da Baba ya sake tunani.

Ƴan pale ma ai wani rukunin masu kama ɗaya ne. Wanda ya kalli fim ɗin da Aicha Macky, ƴar garin nan, ta yi a 2021 kan samarin unguwar Kara-Kara ya ga haka: suna da shugaba, suna da doka, suna da irin tafiyarsu da irin maganarsu. Yaron da ya gudu daga gida zuwa can ba ƴanci ya samu ba, wani ubangidan ya sauya. Abin da ya kai ƙanina wurinsu, kamar yadda ya gaya mini bayan shekaru, shi ne su kaɗai suka tambaye shi yadda Inna ta rasu, suka bar shi ya yi kuka ba wanda ya ce masa namiji ba ya kuka.

Mu da muke karanta Suratu Luƙman mun san yadda uba ke magana da ɗansa a cikinta. Sau uku yana kiran sa "ya ƙaramin ɗana", yana kawo masa dalili, yana ba shi misali da ƙwayar komayya. A cikin surar ne kuma aka nuna cewa biyayya ga iyaye kanta tana da iyaka. Ban ga sarƙa a wurin ba.

Ƙanina yanzu yana da shekara 24. Yana gyaran waya a wata rumfa kusa da kasuwar Dole, hannunsa bai manta ba. Makon jiya na kai masa tawa, na ce batir ne ya lalace. Ya duba, ya ɗago kai ya kalle ni ido cikin ido ya ce, "A'a Yaya, ba batir ba ne, caja ɗinka ce." Na tsaya ina kallon sa har ya tambaye ni ko lafiya. Shekara takwas rabon da in ji ya musa mini magana.