In jirgi ya sauka daga dogo, wa ke bin zancen har ƙarshe?

Ranar 26 ga Agustan 2025 da jirgin Abuja zuwa Kaduna ya sauka daga kan dogo wajen Asham, gurup ɗinmu na 'yan Maraɗi a WhatsApp bai yi barci ba. Kafin la'asar an gama shari'a. Wani ya ce aikin 'yan bindiga ne, tunda a kan layin nan suka tare jirgi a Maris 2022, wani ya ce 'yan jari bola ne suka kwance ƙarafa, wani ya ce ai kayan Sin ne dama ba ya ƙarko, sai kawuna ya aiko murya yana cewa ku yi shiru haka nan, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, abin da aka rubuto ba makawa. Kwana biyu aka koma zancen farashin buhun hatsi da naira. Tun daga nan ban ƙara ganin wanda ya tambayi me bincike ya gano ba.

Ni ina zaune a Faransa, gefen Paris, jirgin ƙasa nike hawa zuwa aiki kullum, kuma wallahi kar wani ya ce muku nasara ba su iya surutun banza ba. A 12 ga Yulin 2013 jirgin da ya taso daga Paris zai tafi Limoges ya kife a tashar Brétigny, mutum 7 suka mutu, wasu ma ba cikin jirgin suke ba, tsaye suke bakin dandamali suna jiran nasu. A daren aka fara baza cewa samarin unguwa sun zo suna lalube aljihun gawarwaki, kuma kun san su wa ake nufi in an ce samarin unguwa, 'ya'yanmu ne da na Larabawa. Hukumomi suka fito suka ce an zuzuta abin, amma maganar ta riga ta zagaya. Wasu kuma suka ce zagon ƙasa ne. To ka ga a kwana ukun farko da mu da su duk kanwar ja ce.

Inda muka rabu shi ne bayan an gama zaman makoki. Masu bincike suka duƙa kan dogon nan. Akwai wani ƙarfe da ke haɗa bakin dogo biyu, nauyinshi bai wuce kilo 10 ba, noti huɗu ke riƙe da shi. Shi ne ya kwance ya juya ya faɗa cikin mararrabar da jirgi ke canja hanya, ƙafar jirgin ta taka shi. Direba ba shi da laifi, gudun da yake bai kai iyakar da aka sa a wurin ba. Kamfanin jiragen ƙasa na Faransa, SNCF, ya ce ƙarfen ne ya karye farat ɗaya ba wanda zai iya hangowa, dangin mamata suka ce ƙarya ne, sakaci ne na rashin kula da dogo, suka kafa ƙungiya suka ɗauki lauyoyi, duk shekara su taru a tashar ranar da abin ya faru 'yan jarida su zo. Sai Oktoban 2022 kotu ta kama kamfanin da laifin kisa ba da gangan ba, ta sallami matashin ma'aikacin da ya duba layin kwanaki kaɗan kafin hatsarin.

Tarar da aka ci su yuro 300,000 ce, kusan miliyan 197 na sefa. Ga kamfani irin wannan kuɗin shayi ne, kuma shekara tara ana jira, wasu iyayen sun tsufa a hanyar kotu. Ba aljanna nike ba ku labari ba. Amma dai an rubuta a takarda cewa ga notin da ya kwance ga wanda ya kamata ya ɗaure shi, ba wanda zai goge wannan.

In an ce wannan halin Turawa ne sai in ce a dubi Kamaru. Oktoban 2016 hanyar mota tsakanin Yawunde da Duwala ta yanke saboda ruwa, jama'a suka yi tururuwa tashar jirgi, aka ƙara taragai aka loda mutane, da jirgin ya zo gangaren Eseka ya kwaso gudu birki bai riƙe ba. Mutum 79 suka mutu inji gwamnati. Mutanen Kamaru ba su yi shiru ba, a 2018 kotu ta kama Camrail, kamfanin jirgin ƙasarsu, da laifi. Camrail ɗin nan a hannun attajirin Faransa Bolloré take lokacin, shi ne dai wanda ya shimfiɗa muna dogon Yamai zuwa Doso, kilomita wajen 140, aka yi biki a 2016 kuma har yau ba fasinjan da ya sayi tikiti ya sauka Doso.

Abin da ke ba ni mamaki da mu 'yan Maraɗi, ba wai ba mu iya bin diddigi ba ne. A bari kayan wani Alhaji su taso daga tashar ruwa a ce katan goma sun ɓace a hanya, ka ga bincike, direba da yaron mota da mai tiranzit duk sai sun yi bayani, a je jandarma a je gaban alƙali, ba mai ce mishi Alhaji ka yi haƙuri haka Allah ya so. Amma in rai ne, ran talaka, da ka ce me ya jawo sai a ce kana ja da ikon Allah. A Nuwamban 2021 wuta ta cinye yara sama da 20 a azuzuwan zana a cikin garinmu, bayan a Afrilun shekarar irin haka ta faru a Yamai. Wata bakwai tsakani. Duk mun yi kuka, ni ma daga nan na yi, amma iyaye nawa aka taimaka suka tsaya kan maganar shekara ɗaya ma? Kawu ka yi mini gafara, na yarda ajali ba ya wuce lokacinshi, sai dai wanda ya bar aikinshi bai yi ba shi ma akwai hisabi a kanshi, a nan da can.

Yanzu ga jirgi na tafe gida. Layin Kano zuwa Maraɗi da Buhari ya aza harsashinshi a Fabrairun 2021, kilomita 284, kamfanin Mota-Engil ke aikin, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya sannan ya shigo muna. Kowa na lissafin tirelar siminti nawa zai ɗauke, da yadda za a karya kumallo a Maraɗi a yi azahar a Kantin Kwari. Ni tambayoyina na marasa daɗi ne. Wa zai riƙa takawa da ƙafa yana duba notina a ɓangarenmu, ma'aikatan Najeriya ko namu, kuma namu ina aka horar da su tunda ba mu taɓa tafiyar da jirgin fasinja ba? Burtalin da shanu ke bi, da amalanken da ke tsallakawa ranar kasuwa, an yi musu mashiga ko sai jirgi ya kwashe garke a fara rigima? Najeriya na da hukumar binciken hatsari, NSIB, ita ta shiga maganar Asham. In tarago ya kife bayan an wuce Jibiya, cikin ƙasarmu, rahoton wa za mu jira, kuma kotun wace ƙasa uwar yaro za ta nufa?

Na jefa waɗannan a gurup ɗin, mutum biyu suka amsa. Ɗaya ya ce Allah ya sa mu ga jirgin tukuna, ɗayan ya ce ka daɗe a waje shi ya sa.